Rundunar Gwangwanin Alasan

Ni da Alhassan tagwaye ne, wannan kam ban isa in musa ba. Ciki ɗaya muka kwanta, ya riga ni fitowa, kuma wannan ne aikin gaggawa na ƙarshe da na san ya yi a rayuwarsa. A Mubi ba mai kiransa Alhassan. Alasan Foto ake ce masa, in an so shaƙiyanci kuma a ce Janar. Ni ce Hussaina. Na gaji da jin mutane suna cewa in bar maganarsa, wai ɗan'uwa ne, wai ba da nufi ya yi ba. Bari in faɗi wane ne shi, kowa ya auna da kansa.

Mahaifinmu Bakatsine ne, maƙerin fari. Tun yana saurayi ya zo Mubi, ya kafa rumfa a bakin kasuwa yana liƙin bokiti da buta da fitila. Ya koya wa Alasan yankan gwangwani da liƙin dalma don ya gaji sana'a, kuma Alasan ya koya, hannunsa ya faɗa, har ya fi Baba tsabtar aiki. Sai dai bai taɓa liƙe bokitin kowa ba. Shekarar da aka raba Gongola aka ce mu 'yan Adamawa ne, ya je gidan kallo ya ga yaƙin ƙasar Larabawa a talabijin, ya dawo ido a waje kamar wanda ya yi gamo. Washegari ya yanka gwangwanin madara da na sardin, ya ciro sarƙar tsohon keke, ya haɗa 'yar tankar yaƙi wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ya kai wa Baba da murna. Baba ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Wannan me za ta ɗebo?" Alasan bai gane zagi ba ne, ya tsaya yana yi masa bayanin bakin bindiga.

Daga tanka sai sojoji. Waya yake lanƙwasawa ya shafe ta da laka, ya shanya, ya ɗinka musu kaki da tsumman da ya rina. Malamin unguwarmu ya kira shi ya ce wannan surar mai rai ce, mala'iku ba za su shiga gidan ba. Da wani ne, da ya ji tsoron Allah ya daina. Alasan fuska kawai ya daina yi musu. Tun daga ranar sojojinsa ba su da ido ba su da baki, sai hular kwano da ƙeya, kuma ya gina musu ɗaki a waje kusa da garken awaki don mala'iku su samu hanyar wucewa. Shi ya sa duk hoton da ya ɗauka daga baya yake ɗauka, ana ganin bayan soja yana fuskantar abokan gaba.

Ya yi yaron shago a wani situdiyo, daga baya ya buɗe nasa kusa da tasha. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya hoto. Amma in ka ba shi aikin biki ko suna, to ka haɗa da addu'a. In gari ya waye da irin hasken da yake so, sai ya rufe shago, ya ɗaure kwali a bayan babur, ya nufi bakin mayo, wato kogin da ya ratsa garinmu. Ranar sunan 'yarsa ta fari, matarsa Na'imatu ta yi ta aike ana neman uban jaririya, aka same shi kwance rub da ciki a yashi yana hura wa tsumma wuta.

Ga yadda yake yi, don in ba a gane wannan ba ba za a gane sauran ba. Sai ya zaɓi wurin da akwai dutse ko itace ko gada ta gaske can nesa. Ya share ƙasa, ya cire duk abin da zai tona masa asiri, ko karan ashana ko kashin akuya ko ganye mai faɗi. Ya jera tankoki da motoci da sojoji, ya zana sawun taya da tsinke. Sannan ya tona ɗan rami ya sa kyamara a ciki, idonta daidai da ƙasa. Ya kunna tsumma mai baƙin mai a gefe don hayaƙi, ya ɗebi toka a tafi ya hura, ya danna. In kana tsaye kana kallonsa, ba abin da za ka gani sai ƙato mai gemu, gindi a sama, yana wasa da gwangwanaye. A cikin hoton kuwa tankar nan sai ta kai tsayin itace, dutsen bayanta kuma dutsen da ka sani ne tun kana yaro.

Sai dai ba wanda ya san haka, domin ba wanda ya taɓa yarda ya kalli hotunan. Mutanen Mubi a tsaye suka san rundunar Alasan. Masu wanki a mayo su yi masa tafi, 'yan acaba su sara masa in sun wuce, "Janar, yau wace ƙasa za a ci?" In ya ciro hoto zai nuna, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Shekara ashirin da wani abu yana yawo da hotuna a jaka yana neman mai kallo.

Ni na kalla, kuma ba don sha'awa ba. Da aka yi mini aure, cikin kayan jerena akwai jerin kwanukan fenti masu jan fure, mahaifiyarmu ta daɗe tana tara mini. Ba a yi wata da tarewa ba murfin ƙaramin ya ɓace. Na kwashe ɗaki kaf ban gani ba. Sai wata rana Alasan ya tare ni a zaure ya cusa mini hoto a fuska, wai in ga sabuwar tankarsa, babbar cikinsu, ya sa mata suna Giwa. Na duba kanta, inda bakin bindiga yake fitowa. Murfina ne. Ya shafe shi da koren fenti, amma ɗan tudun da ake kamawa yana nan, da 'yar lotsawar da ya yi ranar da ya faɗi a wajen jere. Na ce ya ba ni abina. Ya ce, "Haba Hussaina, ai wannan murfin don haka aka yi shi, ke miya kawai za ki rufe." Har yau kwanon nan faranti nake kifa masa.

Mijina Hammanjoda Bafulatanin Muchalla ne, yana sayen wake da gyaɗa a ƙauyuka yana kawowa kasuwa. Mutum ne marar yawan magana, mai kunya har ta yi yawa. A duk unguwa shi kaɗai ne bai taɓa ce wa Alasan Janar ba, Malam Alasan yake kiransa. In Alasan ya miƙo masa hoto sai ya ɓoye hannu a baya ya ce, "Hannuna yana da datti, Malam, sai wani rana." A ganinsa kallon wasan yara a hannun suruki tozarta surukin ne. Mahaifiyarsa, Dada Adi, tana zaune tare da mu tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce mutumin gidan. Gidanmu da na Alasan katanga ɗaya ce ta raba.

Da gari ya fara lalacewa, ana harbe-harbe ana kafa shinge a kan hanyoyi, duk mai hankali ya san ba lokacin tayar da hayaƙi a bakin mayo ba ne. Ban da Janar. Wasu masu kaki suka kama shi da kyamara, suka sa shi tsallen kwaɗo a gaban rundunarsa har ƙafarsa ta kumbura. Ya dawo yana ɗingishi yana washe baki, wai ɗaya daga cikinsu ya ɗaga Giwa ya ce ta yi kama da ta gaske. Wannan maganar ya ci ya sha har wata guda. Abin da ya koya daga wahalar shi ne ya riƙa yin nisa da gari. Da kakar shekarar ya ɗauki kwalinsa har Mararraba, inda hanyar Mubi ta rabu da babbar hanya, ya shirya yaƙi a gaban wata tsohuwar tsamiya da duk mai bin hanyar ya sani.

Shekara ta zagayo, mutanen dajin nan masu bindiga suka shigo Mubi.

Da hantsi ne. Hammanjoda ya tafi ƙauye auno wake tun da safe. Ƙarar bindiga ta taso daga yamma, kafin ka ce me titi ya cika da mutane, kowa da yaro a kafaɗa. Ni ga yara, ga Dada da ba ta iya taka ƙasa. Na ruga gidan Alasan domin shi ke da babur. Na same shi a bayan garken awaki, tsirara daga ƙugu zuwa sama, yana haƙa rami. A gefensa ga durom, ya naɗe kowane soja a tsumma ya jera a ciki.

Na ce, "Alasan, Dada! Ka zo ka ɗauki Dada!"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ku yi gaba ke da Na'imatu da yara. Yanzu zan rufe wannan in ɗauko ta a babur, zan cim muku."

Na koma na gaya wa Dada. Ta ce, "Ki tafi da yara, Usaina, ni Allah yana nan." Muka bi ayarin mutane ta cikin duwatsu. Ba zan ba da labarin tafiyar nan ba, duk ɗan Mubi yana da irinsa. Mun dai kai Jimeta da ƙafafu a fashe, muka sauka gidan wani ɗan'uwan Hammanjoda, shi ma ya iske mu can ta wata hanyar. Tambayarsa ta farko Dada. Na ce tana tare da Alasan, suna tafe.

Kwanaki suka wuce. Sai ga Alasan ya shigo shi kaɗai, a ƙafa, ba babur, ba takalmi, amma kyamara na rataye a wuya. Wai kafin ya gama binne durom ya daidaita ƙasar ya watsa kashin awaki a kai don kada a gane, har sun shigo layinmu. Suka ɗauke babur a ƙofar gida, shi kuma ya haura katanga ta baya, ya bi ta Kamaru.

Hammanjoda ya ce, "Dada fa, Malam Alasan?"

Ya ce, "Na leƙa ta, Hamma. Na cika mata buta da ruwa."

Ya cika mata buta da ruwa! Sojan laka ya samu tsumma da durom da kabari mai kyau, tsohuwa mai rai ta samu buta. Na tashi zan shaƙe shi aka riƙe ni. Hammanjoda kuwa ya sunkuyar da kai ya fita.

Daga ranar mijina ya daina cin abinci. In na kai masa sai ya ce, "Dada yana can ba wanda zai ba shi." Kullum maganarsa ɗaya, zai koma ya ɗauko ta. Kowa ya ce hanya a hannun mutanen take, wanda ya bi bai dawo ba. Waya ba ta shiga, an lalata sabis. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baban Aishat, ka dubi yaran nan. In ka tafi ka mutu, Dada ba ta samu ba, mu ma ba mu samu ba." Da ƙyar na sa ya yi mini alkawari cewa ba zai taka hanyar ba sai ya ga shaida da idonsa cewa soja ya karɓe ta. Shi kuwa mutum ne da in ya yi alkawari ya yi ke nan, sai hankalina ya ɗan kwanta.

Akwai wani mai shayi a bakin titi inda mazan Mubi ke taruwa kullum suna neman labarin gida. Abin da ya faru a can Gabdo ne ya ba ni labari daga baya, wani ɗan acaban unguwarmu da ke zaune a wurin. Da yake Alasan ne ya fito a ƙarshe, sai ya zama shi ne mai labari. Mutumin da ba a taɓa matsa masa a benci ba, yanzu ana zuba masa shayi ana cewa ya ƙara. Sai wani ya ce, "Kai da kyamara a wuya, ba ka ɗauko mana komai ba?" Alasan ya kunna, ya lalubo, ya miƙa.

Hoton Mararraba ne na bara. Tankoki a jere sun fuskanci Mubi, sojoji a bayansu sun duƙa, hayaƙi ya turnuƙe gefe guda.

Kyamara ta riƙa yawo hannu zuwa hannu. Wannan ya ce, "Wallahi Mararraba ne, ga tsamiya." Wancan ya ce, "Ga dutsen can, gonan kawuna yana ƙarƙashinsa." Wani ya gane allon da mota ta taɓa bugewa ya karkace. Kowa ya shaida abin da ya sani, kuma duk abin da suka shaida gaskiya ne. Wani dattijo ne kaɗai ya ce, "Alasan, ba dai 'yan tsanan nan naka ba ne?" Kafin ya amsa aka taso wa dattijon, "Haba Baba, gongoni zai kai tsayin tsamiya?" Wani ya fara kabbara, wani ya share hawaye. Aka ce, "Janar, ashe kai namiji ne," kuma a karon farko ba wanda ya yi dariya.

Nan ne fa. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ce wasa ne, a yi dariya, a koma ce masa mahaukaci kamar kullum. Gabdo ya ce yana kallon fuskarsa, ya ga bakin ya buɗe, sannan ya ga ya gyara zama ya kurɓi shayi.

Hammanjoda yana ƙarshen benci. Kyamara ta iso gare shi, kuma wannan karon bai ce hannunsa da datti ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam Alasan, yaushe ka ɗauka wannan?"

"Da zan fito."

"Soja yana nan a hanya ke nan?"

"Ga shi kuwa kana gani, Hamma."

Mutumin da ya ce ta Kamaru ya biyo, me ya kai shi Mararraba? Ba wanda ya tambaya, don ba wanda yake son amsar. Har ya ƙara musu da cewa wasu tankokin suna baya, hoto bai ɗauke su ba.

Da yamma mijina ya shigo ya ce in kawo abinci. Ya cinye tas. Ya ce, "Maman Aishat, na ga shaida da idona. Soja ya kama hanya." Na ɗauka a talabijin ya gani, na yi hamdala. Da gari ya waye ya cire rigarsa ta Juma'a, wadda da ita ya gudo, ya rataye a ƙusa, ya ari tsohuwar riga don tafiya. Rigar saƙi ce mai ratsin fari da baƙi, Dada ce ta kaɗa zarenta da hannunta tun tana da ƙarfi. Ya ce in ajiye masa. Shi da Gabdo suka hau mota zuwa inda mota ke iya kaiwa, daga can za su nemi babur.

Da azahar wata maƙwabciya ta shigo da gudu da waya a hannu, an tura mata hoton, wai mu zo mu ga sojoji sun kusa Mubi. Mata suka yi caa a kanta. Da ta zo hannuna na ga tsamiya, na ga dutse, na ga tanka ta gaba, babbar. Na ga ɗan tudun da ke kanta da 'yar lotsawarsa.

Ban san lokacin da na fita ba mayafi ba. Na sami Alasan wurin mai shayi, an kewaye shi, yana nuna yadda igwa ke tashi da hannu. Na ce, "Alasan, murfin kwanona ne a kan tankar nan ko ba shi ba ne?" Ya yi wuri-wuri da ido, ya jawo ni gefe yana cewa in rage murya. Na ce mijina yana kan hanyar nan saboda hotonka. Ga amsar da ɗan'uwana ya ba ni, wanda muka sha nono ɗaya: "Hoton ba ƙarya ba ne, Hussaina. Sojojin za su zo ai. Lokacinsa ne kawai bai yi ba."

Na kira wayar Hammanjoda har batir ya mutu. Ba ta shiga ba.

Gabdo ya dawo shi kaɗai, jiki duk ƙaya. Ya ce sun samu babur, Hammanjoda ke tuƙi. Tun daga nesa suka hango tsamiya, suka hango mutane da bindigogi a ƙarƙashinta, Hammanjoda har ya ce masa, "Ga su can," ya ƙara wuta. Sai da suka matso suka ga ba soja ba ne. Gabdo ya diro ya faɗa gonar dawa. Da ya waiwaya ya ga an kewaye babur. Iyakar abin da ya gani ke nan, kuma iyakar abin da kowa ya sani har yau.

Ba a daɗe ba aka karɓe garin da gaske. Akwai waɗanda suka riƙa cewa, "Ai Janar ya faɗa." Shi kuma yana amsa gaisuwa.

Da muka koma, an kwashe gidanmu, ko tabarma ba a bari ba. Amma Dada tana raye. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu, Zira, Bakamwiya ce a ƙabila kuma ba Musulma ba, ita ma ba ta iya gudu ba, ta rarrafo gidanmu ta sa hijabina don kada a gane ta, su biyu suka rayu a kan ragowar gyaɗa da wake da suka zube a ɗakin ajiya. Dada ta shafa kan yara ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa bayana, ta ce, "Ina mutumin gidan?" Na ce yana tafe. Ina cikin wannan sai ga Alasan ya leƙo ta kan katanga, ƙasa har gira, yana haki. Ya ce, "Hussaina, Allah ya kiyaye, ko ɗaya bai yi tsatsa ba!"

Shekara uku ke nan. Ba gawa, ba kabari, ba takaba. Ni ba matar aure ba, ni ba wadda mijinta ya mutu ba, malamai sun ce a ƙara jira. Na karɓi rumfarsa a kasuwa ina auna wake. Dada idonta ya yi rauni, kullum tana zaune tana fuskantar ƙofa, in ta ji ƙarar babur sai ta ɗaga kai. A bana ta fara ƙin abinci, irin yadda ɗanta ya yi. Abin da ya rage mini na mijina rigar nan ce kaɗai, tana ƙasan akwati. Wani lokaci in yara sun tafi makaranta nakan ciro ta in shinshina in mayar. Alasan bai taɓa cewa in yafe masa ba. Ya dai daina haɗa ido da ni, kuma ya koma bakin mayo da kwalinsa.

Ran nan na dawo daga kasuwa da la'asar na same shi tsugune a gaban Dada. Ya wanko hoto babba, ya sa a gilashi. Dada ta kawo shi dab da hancinta tana shafawa. Mutum ne a kan babur, bayansa ake gani, ya miƙe kan hanya, duwatsun Mubi na gabansa, rana ta haske masa kafaɗa. Yana sanye da saƙi mai ratsin fari da baƙi.

Dada ta ce, "Usaina, zo ki gani. Mutumin gidan yana hanya. Rigan shi ne, ni na kaɗa zaren." A gefenta ga kwanon tuwon da ta ƙi ci tun safe, ta cinye rabi.

Na wuce ɗaki. Na buɗe akwati, na ciro rigar, na warware ta. A tsakiyar baya an yanke kamar faɗin tafin hannu, yanka mai kyau, ko zare ɗaya bai zazzago ba. Na ce muku yana da tsabtar aiki.

Na fito da rigar a hannu. Na yi niyyar in shimfiɗa ta a cinyar Dada, in sa yatsanta a ramin, in gaya mata wane ne wannan da ke tsugune a gabanta da abin da ya yi mata tun daga butar ruwa. Sai ta ɗago da fuskar da rabon da in gani tun kafin gudu, ta ce, "Ya kusa ko, Usaina?"

Na mayar da rigar bayana. Na ce, "Ya kusa, Dada."

Ta ci gaba da cin tuwonta. Alasan ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya bi ta gefena zai fita. A bakin zaure ya tsaya, ya waiwayo, ya rage murya don kada Dada ta ji. Na ɗauka yau ce ranar da zai faɗi abin da na shekara uku ina jira. Ya ce, "Kin dai lura da hasken da ke kafaɗarsa ko? Sai da na jira har rana ta karkata."